Hoton Wasila A Kwamfutar Bulus

Ranar da Kamilu ya fara ganin Wasila, sau biyu ya gan ta a lokaci guda: ga ta tsaye a bayansa, ga ta kuma tana fitowa sannu a hankali a fuskar kwamfuta.

A shagon Oga Bulus ne, cikin Sabon Garin Gusau, ba a daɗe da ba Zamfara jiha ba. Wancan lokacin kwamfuta baƙuwa ce a garin. Wasu ofisoshi sun samu, 'yan shaguna kaɗan sun saya, amma da an kawo hoto a faifan fulofi, ɗan faifan da ake ajiye abubuwan kwamfuta a ciki, sai rigima ta tashi. Hotuna iri-iri ne, kuma kowace kwamfuta da irin wanda take ganewa. To, a nan abincin Kamilu yake.

Shi ɗan Bunguɗu ne. Bokonsa bai wuce firamare ba, sai ɗan koyon ɗaukar hoto da ya yi wurin wani mai situdiyo. Wani ɗan bautar ƙasa da ya zauna a unguwarsu ne suka shaƙu, da zai tafi ya bar masa fulofi mai ɗauke da wani ɗan ƙaramin furogiram. Ba sai an zuba shi cikin kwamfuta ba. Daga kan faifan yake tashi, ya buɗe kowane irin hoto, ya mayar da shi irin wanda ake so, a zare shi a sa aljihu. Kamilu bai iya karanta rabin Turancin da ke jikinsa ba, amma ya san mazaunin kowane maɓalli kamar yadda ya san hanyar gonarsu. Yau yana Gusau, gobe a kira shi Tsafe, jibi Bunguɗu. Har sunansa ya koma Mai Faifai.

Ran nan ya shigo shago ya tarar da Oga Bulus yana share gumi, ga wata dattijuwa da wata budurwa sun sa shi gaba.

"Yawwa, ga mai abin ya zo," in ji Bulus. "Kamilu, zo ka fid da ni. Tun ɗazu Mama take cewa na cinye masu hotuna."

"Awo, cinye su yay yi," dattijuwar ta ce. "Mun kawo abu da hotuna ciki, ya tura shi bakin akwati, akwati ya yi ƙugi, sai yac ce wai babu komi."

Gwaggo Tambaya ke nan, ƙanwar mahaifin Wasila. Daga Tsafe suka zo. Wasila ta sauke Alƙur'ani a Islamiyya, za a yi mata walima, ana son kati mai hoto. Yayanta da ke karatu a Zariya ne ya ɗauke ta hotuna lokacin da ta kai masa ziyara. Maimakon ya wanko su kamar yadda kowa ke yi, sai ya aiko su a fulofi, don dai a san ya waye.

Kamilu ya gaishe su, ya zauna. Ya kwashe hotunan ya zuba cikin kwamfuta, ya zare faifansu ya sa nasa. Ba ya gaggawa, haka Allah ya yi shi. Ya danna nan, ya danna can.

Sai ga bakin hijabi daga sama. Sai goshi. Sai idanu.

Ya waiwaya ya dubi mai idanun, ya sake duban allon kwamfutar. Ta sunkuyar da kai.

"Lahaula!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wasila, ke ce cikin akwati? To ya anka yi kina nan kuma kina can?"

Ya ci gaba da buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk da hijabi, duk a natse, har aka zo kan wani. A wannan tana zaune bakin rijiya, ba mayafi, ɗankwali ya zame baya, tana dariya har haƙoranta a waje, da alama ba ta san an ɗauka ba.

"Wannan ba na kati ba ne," ta faɗa da sauri. "Malam, wuce shi."

"To, Malama."

Ya wuce shi. Suka zaɓi na kati, ya mayar da shi irin wanda na'urar bugawa ke ganewa, aka yi alkawarin ranar karɓa.

Kamilu yana da wata ƙa'ida a aikinsa. In ya gama, sai ya goge hotunan mutane kaf daga kwamfutar da ya yi aiki a kai, don ba nasa ba ne, amana ce. Ran nan ma ya bi su yana gogewa. Da ya zo kan na bakin rijiya, sai yatsansa ya tsaya. Ya daɗe yana kallonsa. Daga ƙarshe ya tura shi wani lungu cikin kwamfutar inda ba mai leƙawa, ya ce a ransa gobe zai goge.

Goben ba ta zo ba.

Da katunan suka fito, shi ya ɗauka ya kai Tsafe da kansa, wai dama yana da aiki can. Gwaggo Tambaya ta karɓa tana murmushi.

"Aiki ko? Allah shi ba da sa'ar aikin. Bari in kira maka aikin ta fito."

Wasila ta fito zaure tana gyara hijabi. Ta duba katin ta juya shi.

"Ya yi kyau. Amma ka ƙara min haske, ni ban kai haka ba."

"Wallahi ban ƙara komai ba, Malama. Ragewa ma na yi, don kada takardar ta ƙone."

Ta kai katin bakinta tana ɓoye dariya. "Ashe Mai Faifai ya iya magana. Na ɗauka sai danna maɓalli."

Daga nan ƙafarsa ta saba da hanyar Tsafe. In mota ta wuce dutsen Kwatarkwashi sai ya shiga gyara hula. Yakan iso bayan la'asar, su zauna a zaure, Gwaggo tana daga ciki tana tsinkar zogale tana tari lokaci-lokaci don su san tana nan. Makon da aiki ya hana shi zuwa, sai ya ba Ɗanjuma, direban da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe, 'yar takarda.

"Malamata, sallama. Yau na buɗe hotuna sun fi a ƙirga, na ma'aikata da na amare. Duk wanda ya fara fitowa sai in ce ko ke ce. Ba ke ba ce. Ki gai da Gwaggo. Naki, Mai Faifai."

Amsa ta dawo a motar yamma.

"Mai Faifaina, wa alaikas salam. Ka rage kallon amaren mutane. In ka buɗe, ka rufe ido ɗaya. Na ajiye maka ƙuli-ƙuli, in ba ka zo da wuri ba Gwaggo za ta cinye, ko da yake ba ta da haƙoran. Taka, Wasila."

Mahaifinta, Malam Hamidu, manomi ne, mai dawa da gero da 'yan shanu, mutum mai ƙarancin magana. Da Gwaggo ta kai masa zancen, sai ya ce, "Mi as sana'arshi?"

"Hoto yake buɗewa."

"Ɗauka dai."

"A'a, buɗewa. Wani ya ɗauka, shi ya buɗe."

"Tambaya, hoto ƙofa ne? In ɗiyata ta ji yunwa, hoto za shi buɗe mata ta ci?"

Bai ce a'a ba, bai ce i ba. Ya dai ce a bar shi ya ga kamun ludayin yaron.

Akwai kuma Lukuman, ɗan wani mai sayen hatsi a Tsafe, mai sabon babur da agogo mai ƙyalli. Ya daɗe yana aike gidan, Wasila tana mayar masa da kayansa cikin ladabi. Duk ranar da ya ga Kamilu ya sauko daga motar Ɗanjuma, sai ya rage gudu ya ce, "A'a, injiniya! Yau ma an zo buɗe hoto?"

Kamilu ya ce, "Sannu da aiki, Lukuman," ya wuce. Bai iya faɗa ba.

A cikin furogiram ɗin nan akwai wani maɓalli. In an danna shi, hoton da aka buɗe sai ya shimfiɗu a fuskar kwamfuta gaba ɗaya, ya zauna nan, ko an kashe an kunna yana nan, sai an cire shi. Kamilu ne ke buɗe shago da safe in yana Gusau. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a: ya kunna kwamfuta, ya ɗora hoton bakin rijiya, ya yi shara yana kallonta tana masa dariya. Kafin mutane su fara zuwa ya sauke shi. Ba wanda ya sani.

Wata safiya, yana cikin shara, aka ɗauke wuta. Allo ya yi baƙi. Bai ajiye tsintsiya ba sai ga ɗan'uwansa daga Bunguɗu a kan babur: mahaifiyarsu Inna ta faɗi a bakin murhu, ƙafa ta gurɗe, an kai ta wurin mai ɗori. Kamilu ya rufe shago, ya miƙa wa matar Bulus makulli, ya haye babur. Faifansa na aljihu. Hoton kuwa, ko kaɗan bai faɗo masa a rai ba.

Oga Bulus ya yi tafiya Kaduna sayen kaya. Matarsa Maryamu ce ta zauna shago, ita kuwa hoto-kwafi kaɗai ta iya. Da wuta ta dawo ta kunna kwamfuta kamar yadda ta ga ana yi. Fuskar kwamfutar tana kallon ƙofa, ƙofa tana kallon titi.

Samari suka fara rage tafiya. Masu jiran hoto-kwafi suka daina gaggawa. Maryamu ta ɗauka irin hotunan nan ne da ke zuwa da na'ura, har tana cewa, "Kai, yarinyar nan kamar 'yar Hausa."

Kwana na biyu Lukuman ya shigo da takardun mahaifinsa. Ya tsaya, ya duba, ya sake dubawa. Ya fita ya dawo da abokansa biyu 'yan Tsafe, don kada a ce shi ya ƙirƙira.

Kafin Kamilu ya dawo Gusau, magana ta gama zaga Tsafe: ɗiyar Malam Hamidu, wadda ta sauke Alƙur'ani, an kafa ta a shago cikin Sabon Gari ba mayafi, maza na layi suna kallo.

Da ya shigo shago ya ga allon, sai ya ruga wurin kwamfutar. Ya sauke hoton, ya zauna. Bulus, wanda ya dawo a daren jiya, ya ja kujera ya zauna kusa da shi.

"Kamilu, tun da kake aiki nan ban taɓa jin ka taɓa kayan mutum ba. Me ya kai ka?"

"Oga, so ne."

"So ba ya hana hankali. In 'yata Albarka ce aka yi wa haka, da ni da kai sai ofishin 'yan sanda."

Da yamma Ɗanjuma ya tsaya a bakin shago, bai ko yi wasan da ya saba ba, ya miƙo takarda.

"Kamilu. Na ce ka wuce shi, ka ce to. Da ka roƙe ni, da na ba ka wanda ya fi shi, da hannuna. Yanzu ko rijiya ba na iya zuwa. Baba ya ce kada ka sake taka ƙofar gidanmu. Wasila."

Ba Mai Faifaina, ba taka. Ya karanta har takardar ta yi laushi.

Ya koma Bunguɗu ya zauna gefen tabarmar Inna, ya faɗa mata komai. Ta saurara, ƙafarta a ɗaure da karare.

"To, mi kake jira?" ta ce.

"Ya ce kada in taka ƙofar gidan."

"Gona tana da ƙofa? Tashi ka iske shi can. Kada ka kai mashi dalili, laifinka za ka kai mashi."

Ya iske Malam Hamidu a gonarsa ta hanyar Kucheri, yana duba dawa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a kunya.

"Baba, ni ne na yi. Ba ta sani ba, ba ta ba ni ba. Ta ce in wuce shi, na ɓoye. Ban yi don a gani ba, amma ni na jawo aka gani."

Tsohon bai dube shi ba. Ya murza wata zangarniya a tafin hannu, ya hure.

"An ce mani abin da ya shiga akwatin nan ba ya fita. Ko an ce an fid da shi, yana nan ciki kwance. Ke nan ɗiyata ta zama ta kallo har abada."

"Yana fita, Baba. In ka yarda ka zo, a gabanka zan fid da shi."

"In zo in ga mi? Tashi ka ba ni wuri."

Kamilu ya tashi ya tafi.

Abin da bai sani ba shi ne, a gida Wasila ta daina cin abincin kirki. Lukuman ya sake aiko da kaya, har da saƙon cewa shi bai damu da abin da ya faru ba, zai rufa mata asiri. Ta dubi kayan ta ce wa Gwaggo, "Wanda ya tara mutane su kalle ni ne zai rufa min asiri? A mayar masa."

Ran nan da Malam Hamidu ya dawo daga masallaci, ta same shi a zaure ta durƙusa.

"Baba, ina da roƙo."

"In kan yaron nan ne, tashi."

"Kan fuskata ne. Ban san ko tana can ba ko ba ta can. Kowa da abin da yake faɗi. Ni ba zan yarda da bakin kowa ba, har shi, sai naka. Ka je ka gano min, Baba."

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ta rame, idanun sun faɗa.

"Kuma in na iske ƙarya yake?"

"To na haƙura da shi, ko zan mutu."

"In kuma gaskiya ne?"

Ta sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi motar Ɗanjuma ta sauke Malam Hamidu a Sabon Gari, da babbar rigarsa da sandarsa. Bulus ya fito da gudu ya tarbe shi, Maryamu ta durƙusa tana ba da haƙuri. Ya ɗaga mata hannu.

"Ke ba ki da laifi, ɗiyata. Ina mai laifin?"

Kamilu ya fito daga bayan kanta. Ya sa wa tsohon kujera a gaban kwamfuta, ya juya fuskarta daga ƙofa, ya tura faifansa. Ya nuna masa lungun da ya ɓoye hoton. Ya goge shi. Ya shiga inda gogaggun abubuwa ke taruwa, ya zubar. Sannan ya sa furogiram ɗin ya bi duk hotunan da ke cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya: tambarin wata makaranta, hoton wata motar haya, katin bikin coci. Har suka ƙare. Babu Wasila.

"Wanga faifai na aljihunka fa?"

"Shi ba ya riƙe hoto, Baba. Buɗewa kawai yake yi. Ga abin da ke ciki." Ya nuna masa.

Malam Hamidu ya sa hannu a aljihu ya zaro wani tsohon kati na ƙungiyar manoma, da ɗan hotonsa manne a jiki.

"Wanga zai shiga?"

"Zai shiga."

"Sa ni inda kas sa ta."

Kamilu ya dubi Bulus, Bulus ya ɗaga kafaɗa. Aka ɗora katin a na'urar ɗaukar hoton takarda, haske ya bi ta kansa. Kamilu ya yanke gefe-gefen, ya mayar da shi irin wanda allo ke karɓa, ya danna maɓallin nan da ya jawo masa duk wannan wahala.

Fuskar Malam Hamidu ta cika allo. Hula ta karkace, gira a haɗe, baki a tsuke, kamar wanda aka taka wa shuka.

"Juya shi ya kalli ƙofa, yadda yake ran nan."

Aka juya. Tsohon ya ja kujerarsa gefe ya zauna, ya dogara haɓa kan sanda.

Mai tallan rake ya wuce, ya dawo da baya, ya leƙo. Wasu 'yan makaranta suka tsaya suna nuni suna ƙyalƙyala dariya. Wata mata ta ce, "Wayyo, rasuwa ya yi?" Sai ga wasu samari biyu, da alama labarin ran nan ne ya kawo su. Suka leƙo da murmushinsu, suka yi ido huɗu da tsoho a allo, suka waiga suka ga tsohon da kansa da sanda. Ko sallama ba su tsaya yi ba.

Bulus ya toshe baki ya shige ciki. Malam Hamidu bai yi dariya ba.

"Ni namiji, tsoho, da rigata da hulata," ya ce a hankali, "ɗan zaman nan da niy yi, ji nake kamar an tuɓe ni a kasuwa. To ita fa? Ka gane abin da kay yi?"

Hawaye ya zubo wa Kamilu. "Na gane, Baba."

"Ka san abin da yas sa na zo? Ba don kai ba. Amma da ka iske ni gona, na jira ka ce wuta anka ɗauke, ko ka ce tsohuwarka ce ba lafiya. Duk na ji labari. Ba ka ce ba."

Ya miƙe, ya gyara riga. Kamilu ya kai hannu zai sauke hoton.

"Kul! Bar ni nan."

"Baba?"

"Na ce bar ni nan. Duk wanda ya zo neman ɗiyata, shi iske ubanta. Kai kuma kullum ka buɗe shago da safe, ni za ka gani, ka yi shararka ina kallonka." Ya nufi ƙofa, ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba. "Kada wanda ya sauke ni sai ranar da anka ɗaura. Ka gaya wa manyanka su zo bayan an yi girbi."

Sai da motar ta tashi sannan maganar ta shiga kan Kamilu. Ya zame ya zauna a ƙasa. Maryamu ta rangaɗa guɗa, mutanen titi suka sake taruwa.

Shawo kan uban ya fi shawo kan ɗiyar sauƙi. Zuwan Kamilu na farko Wasila ta ƙi fitowa. Na biyu ta fito, ta zauna can nesa, ta ba shi gefen fuska.

"Malamata."

"Sunana Wasila."

"Wasila, ki yafe min."

"Me ka gani a hoton nan ma? Ɗankwali a karkace, baki a buɗe kamar mai kiran kaji."

"Dariyar ce. Ban taɓa ganin wanda ya yi dariya da dukkan fuskarsa haka ba. Na ji tsoron in na goge ba zan sake ganinta ba."

Ta shiga wasa da bakin hijabi.

"Yanzu wa kake kallo da safe?"

"Baba."

"Yana maka dariya?"

"Wallahi ko sau ɗaya. Jiya na bar ɗan datti a bayan ƙofa, sai da na koma na share."

Ta yi ƙoƙari, ta cije leɓe, ta kau da kai. Ina! Dariyar ta ƙwace mata, irin waccan ta bakin rijiya, har da hawaye. Daga cikin gida Gwaggo ta yi tari, sannan ita ma ta fashe.

"Ka ga ka gan ta," Wasila ta ce tana share ido. "Kuma ba a akwati ba. Amma ka ji, Mai Faifai: abin da duk kake so nawa, ka tambaye ni."

"Na yi alkawari."

"To tambayi."

"Za ki aure ni?"

"Sai na yi shawara da mutumin da ke cikin kwamfuta."

Bayan an kai amfanin gona gida, manyan Kamilu suka zo daga Bunguɗu da goro da alewa. Aka sa rana. Duk tsawon lokacin nan Malam Hamidu yana nan a allon shagon Bulus, gira a haɗe. Mutane suka saba da shi, har masu shigowa kan ce, "Sannu da aiki, Baba," kafin su miƙa takardunsu. Bulus ya rantse tun da aka ɗora shi ba a sake ɗauke masa ko biro ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Hamidu a Tsafe. Motar Ɗanjuma ta yi sawu daga Bunguɗu, ta yi daga Gusau. Inna ta zo, ƙafarta ta warke, Oga Bulus da Maryamu da 'yarsu Albarka suka zo da anko. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, mata suka amsa da guɗa daga cikin gida.

Da jama'a suka fara raguwa, Malam Hamidu ya aika a kira masa ango da amarya zaure. Suka durƙusa a gabansa, ita lulluɓe, shi kai a ƙasa.

"Kamilu, ran nan ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Yau ga shi na ba ka da hannuna, gaban shaidu. Ka riƙe ta da mutunci, a ɗaki da waje."

"In sha Allahu, Baba."

"Ke kuma, Wasila, mijinki ne. In ya yi daidai ki taya shi, in ya karkace ki faɗa mashi, na ga kin iya." Ya ɗora hannu a kansu. "Allah shi yi maku albarka. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, shi rufa maku asiri duniya da lahira."

"Amin, Baba," suka haɗa baki.

Suka yunƙura za su tashi, ya riƙo hannun rigar Kamilu. Karon farko, ango ya ga haƙoran surukinsa.

"In ka koma Gusau, ka sauke ni daga akwatin nan. Na gaji da gadi."